Tarihin Shehu Abul Hasan Al-Ash'ari da Gardamar Ƙaddara da Zaɓin Bawa

 

Bahaushe yana da karin magana iri biyu a bakinsa, kowace da ranar da yake ɗauko ta. In kayan falke suka nutse a kogi, ko fari ya ƙone gero bayan an gama noma, sai ka ji ya ce ƙaddara ta riga fata. In kuwa ya ga rago kwance a inuwa alhali damina ta kankama, sai ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka, abin da mutum ya shuka kuma shi zai girba. Duka biyun gaskiya ne. Amma almajirin da ya fara karatun tauhidi ba ya daɗewa sai ya tambayi malaminsa: in Allah ya riga ya rubuta kome, a kan me za a yi wa bawa hisabi? In kuwa bawa ne ke yin aikinsa da ikon kansa, ina ikon Allah a kan wannan aiki? Ana yin tambayar nan a zaurukan Dingaya da Gwaram da Birnin Kudu kamar yadda aka yi ta a masallatan Basra fiye da shekara dubu da suka wuce. Amsar da mafi yawan malaman ƙasar Hausa suka gada tana komawa ga mutum ɗaya, shi ne wanda za a ba da tarihinsa a nan.

Sunansa Aliyu ɗan Isma'ila, alkunyarsa Abul Hasan. Ana ce masa Al-Ash'ari domin ya fito daga zuriyar Abu Musa Al-Ash'ari, sahabin nan mutumin Yaman mai daɗin murya wajen karatun Alƙur'ani, wanda Sayyidina Umar ya naɗa shugaban Basra. An haife shi a Basra, cikin ƙasar Iraƙi, a shekara ta 260 ta Hijira, watau wajen 874 ta Miladiyya. Basra a zamanin nan gari ne na fatake da malamai, jiragen ruwa suna zuwa mata da kayan Hindu, dabinonta kuma ya yi suna ko'ina. Shekara uku kafin haihuwarsa, a 257, rundunar bayin da ake kira Zanju ta faɗa wa garin ta ƙone shi, ta kashe mutane masu yawa, ba a kuwa kashe wutar tawayen nan ba sai a 270. Ya tashi ke nan cikin mutanen da suka ga dukiyarsu ta hallaka dare ɗaya, waɗanda zancen ƙaddara ba zancen hira ba ne a wurinsu.

Gardamar kuwa ta girme shi da kusan shekara ɗari biyu, kuma a garinsu ta fara. Imamu Muslim ya kawo a farkon babin imani cewa wanda ya fara ƙaryata ƙaddara a Basra shi ne Ma'abad Al-Juhani, har wasu mutum biyu daga garin suka kai ƙara wurin Abdullahi ɗan Umar, shi kuma ya barranta daga masu wannan magana, ya karanta musu hadisin Jibrilu wanda ya sanya imani da ƙaddara cikin shika-shikan imani. Waɗannan su ake kira Ƙadariyya. Daga can Khurasan kuma sai ga Jahmu ɗan Safwan, wanda aka kashe a 128, ya kama ɗaya bakin igiyar. Shi a wurinsa bawa tilastacce ne, ba shi da iko ko kaɗan, ana jingina masa aiki ne kawai kamar yadda akan ce ruwa ya gudu ko rana ta fito. Waɗannan su ne Jabariyya. Abin da ya ƙara wa wutar iska shi ne wasu masu mulki na Banu Umayya sukan fake da ƙaddara in an tuhume su da zalunci, su nuna wa talakawa cewa abin da suka yi hukuncin Allah ne, ba mai ja da shi.

Daga nan sai Mu'utazilawa suka fito. Shugabansu na farko Wasilu ɗan Aɗa'u, wanda ya rasu a 131, almajirin Hasanul Basri ne kafin ya ware ya kafa majalisinsa. Sukan kira kansu mutanen adalci da tauhidi. Hujjarsu ita ce Allah mai adalci ne, ba zai halicci saɓo a jikin bawa sa'an nan ya azabta shi a kai ba, saboda haka lalle bawa ne yake halittar ayyukansa. Suka ƙara da cewa wajibi ne a kan Allah ya yi wa kowane bawa abin da ya fi masa maslaha. Sun sami kunnen sarauta a zamanin Halifa Ma'amun, wanda a 218 ya fara tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne, har aka ɗaure Imamu Ahmadu ɗan Hambali aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim. Mutawakkil, wanda ya hau a 232, shi ya ɗauke wannan jarrabawa. Ƙarfin sarauta ya bar Mu'utazilawa, amma ƙarfin harshe bai bar su ba, domin malaman hadisi na lokacin sun ƙi shiga jayayya da hujjar hankali, filin muƙabala kuma ya zama nasu su kaɗai.

Mahaifin Abul Hasan mutumin Sunna ne, da ajali ya zo masa sai ya bar wasiyyar ɗansa ga malamin hadisi Zakariyya As-Saji. Masu tarihi sun ce daga baya mahaifiyar yaron ta auri Abu Aliyu Al-Jubba'i, babban shehun Mu'utazilawan Basra. Haka Abul Hasan ya zama agola a gidan shugaban mutanen da mahaifinsa ba ya tare da su. Ya yi karatu a gabansa shekara da shekaru har ya zama babban almajirinsa. Jubba'i gwanin alƙalami ne amma ba gwanin muƙabala ba, don haka in an gayyace shi jayayya yakan tura Abul Hasan ya tsaya a madadinsa. Yana kan wannan hali har ya cika shekara arba'in, kowa kuma yana zaton shi zai gaji buzun shehun.

Sai shakka ta fara shigarsa. Ibn Khallikan da wasu masu tarihi sun kawo cewa wata rana ya tambayi Jubba'i makomar 'yan'uwa uku: ɗaya ya girma ya mutu salihi, ɗaya ya girma ya mutu kafiri, ɗaya ya mutu yana yaro. Shehun ya amsa da cewa na farko yana cikin darajoji masu girma, na biyu yana wuta, na uku ya tsira amma bai kai darajar wansa ba. Abul Hasan ya tambaya yaya za a yi in yaron ya nemi darajar wansa. Shehun ya ce za a faɗa masa wansa da ɗa'a ya same ta, shi kuwa bai yi ba. Ya sake tambaya, in yaron ya ce ba laifinsa ba ne, ba a bar shi ya girma ba fa? Shehun ya ce Allah zai sanar da shi cewa ya san da ya girma da ya saɓa ya shiga wuta, don haka ya ɗauke shi da wuri domin maslaharsa. Nan Abul Hasan ya kawo ta ƙarshe: to in na wutar ya ɗaga murya ya ce shi ma ai an san makomarsa, don me aka duba maslahar ƙanensa aka bar shi ya girma? Jubba'i ya rasa amsa, ya ce almajirinsa ya sami taɓin hankali. Abul Hasan ya ce ba haka ba ne, jakin shehu ne ya cije a hawa.

Abin da ya fahimta a ranar shi ne ma'aunin adalcin da ɗan Adam ya ƙera da hankalinsa ba ya iya auna hukuncin Allah, duk wanda kuma ya wajabta wa Allah wani abu da wannan ma'auni, ma'aunin zai karye a hannunsa. Amma sanin ɓarakar gidan da kake ciki daban, samun wanda za ka koma daban. Ibn Asakir, wanda ya rasu a 571, ya ruwaito a littafinsa Tabyinu Kazibil Muftari cewa cikin wani watan azumi Abul Hasan ya yi mafarki da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har sau uku, yana umurtarsa da ya taimaki abin da aka ruwaito daga gare shi. Bayan mafarki na biyu ya ajiye ilimin jayayya ɗungum, ya koma ga tilawa da hadisi. A daren ashirin da bakwai aka nuna masa cewa ba a ce ya jefar da hujjar hankali ba, an ce ne ya sa ta ta yi wa Sunna hidima.

Ya kulle kansa a gida kwana goma sha biyar. Sa'an nan ran Juma'a, wajen shekara ta 300, ya fito ya tafi babban masallacin Basra, ya hau bisa inda kowa zai gan shi, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa domin wanda bai san shi ba ya sani. Ya bayyana wa jama'a cewa a da yana cewa Alƙur'ani halitta ne, kuma ba za a ga Allah da ido a Lahira ba, kuma shi ne yake ƙagar munanan ayyukansa da ikon kansa, yanzu kuwa ya tuba daga duk wannan. Ya tuɓe rigar da ke jikinsa ya yar, domin ya nuna cewa haka ya tuɓe tsohuwar aƙidarsa. Jubba'i yana da rai a lokacin, bai rasu ba sai a 303.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata. Mutumin da zai shafe sauran rayuwarsa yana koyar da cewa ba abin da ke aukuwa sai da nufin Allah, bai tsaya a masallaci ya ce ƙaddara ce ta kai shi gidan Jubba'i ba, ko da yake ba shi ya zaɓa wa mahaifiyarsa miji ba. Ya ɗauki kuskurensa a kansa, ya kira shi da sunansa, ya tuba a bainar jama'a, ya bar girma da majalisin da ya riga ya zama nasa. Aikin nan nasa shi ne sharhin farko na koyarwarsa.

Ga yadda ya warware mas'alar a littafinsa Al-Luma'u. Ya ce kowane mutum ya san bambanci, daga cikin ransa, tsakanin karkarwar da zazzaɓi ke sa shi da tafiyar da yake yi da ƙafarsa zuwa inda ya nufa. Wannan sani ba ya bukatar dalili, shi kaɗai ya isa ya rushe maganar Jabariyya. Motsin duka biyu Allah ne ya halicce su. Amma na biyun yana zuwa tare da wani iko da Allah yake halitta a cikin bawa, bawa kuma yana aikata aikin da wannan iko. Wannan shi ya kira kasabu, watau abin da bawa ya tsiwurta, kalmar kuma daga Alƙur'ani aka ɗauko ta. Halitta ta Allah ce, kasabu na bawa ne, a kan kasabu ake ba da lada ake yin azaba. Ya ce kuma ikon nan ba ajiya ba ce da bawa ke riƙe da ita tun kafin aiki, yana zuwa ne tare da aikin, don haka bawa ba ya wadatuwa daga Ubangijinsa ko da ƙiftawar ido.

Wajen rushe maganar Mu'utazilawa ya kawo hujja mai sauƙin ganewa. Kafiri yana so kafircinsa ya zama kyakkyawa kuma gaskiya, sai ya fito mummuna kuma ɓata. Mumini yana so imaninsa ya zo ba wahala, sai ya zo da wahala da gajiya. Da bawa ne mahaliccin aikinsa, da aikin ya fito yadda ya so shi. Malaman da suka bi hanyarsa suka ƙara da cewa mai tafiya bai san adadin gaɓoɓi da jijiyoyin da suka motsa a taku ɗaya ba, yaya wanda bai san abu ba zai zama mahaliccinsa? Suka kuma rarrabe nufin Allah da umurninsa da yardarsa: saɓo ba ya aukuwa a mulkinsa bisa rinjaye a kansa, amma bai yi umurni da shi ba, bai kuma yarda da shi ba. Abin da aka rubuta wa bawa a ɓoye yake gare shi sai bayan ya auku. Abin da aka umurce shi kuwa a bayyane yake tun kafin ya ɗaga hannu. Saboda haka ba mai iya cewa ya yi saɓo ne domin ya ga an rubuta masa.

Wannan fahimta tana da tushe cikin aikin sahabbai. Sa'ad da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba a wani wuri da ake kira Sargu, ya yanke shawarar komawa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya buga misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa.

Ba kowa ne ya gamsu da kasabu ba. Abokan gardamarsa sun ce tilas ce aka sa wa sabuwar riga, har Larabawa suka riƙa buga misali da kasabun Ash'ari in abu ya yi wuyar ganewa. Abu Mansur Al-Maturidi na Samarƙandu, wanda ya rasu a 333, ya yarda da shi cewa Allah ne mahaliccin ayyuka, amma ya fi ƙarfafa zaɓin bawa. Imamul Haramaini Al-Juwaini, ɗaya daga manyan mabiyansa, ya karkata a ƙarshen rayuwarsa ga ba ikon bawa tasiri fiye da yadda magabatansa suka ba shi. Ibn Rushdi da Ibn Taimiyya, kowa ta hanyarsa, sun yi suka ga bayanin. Duk da haka malaman Sunna sun haɗu a kan iyakoki biyun da ya tsare: ba mahalicci sai Allah, kuma ba a ɗauke wa baligi mai hankali nauyin aikinsa.

Bayan tubansa ya koma Bagadaza, yakan zauna majalisin fiƙihu na Abu Is'haƙ Al-Marwazi ran Juma'a a masallacin Mansur. Shafi'awa suna lissafa shi cikinsu, Alƙali Iyadu kuma ya sanya shi cikin malaman Malikiyya. An ambaci sunayen littattafansa kimanin ɗari, kaɗan ne suka tsira, cikinsu akwai Al-Luma'u da Al-Ibana da Maƙalatul Islamiyyina. A wannan na ƙarshe ya tattara maganganun ƙungiyoyin Musulmi, ya kawo ta kowa yadda mai ita ya faɗe ta, bai karkatar da ita don ya ji daɗin rushe ta ba, har yau kuma masu bincike a kansa suke dogara wajen sanin abin da Mu'utazilawan farko suka ce. Abincinsa daga wata gona yake fitowa wadda kakansa Bilalu ɗan Abu Burda ya yi waƙafinta ga zuriyarsa, mai yi masa hidima kuma ya ba da labarin cewa abin da yake kashewa a shekara dirhami goma sha bakwai ne.

Ya rasu a Bagadaza a 324, watau wajen 936, aka binne shi tsakanin unguwar Karkhu da Ƙofar Basra. Almajirinsa Zahiru As-Sarakhsi, wanda a gidansa ajali ya same shi, ya ruwaito cewa da mutuwa ta matso ya kira shi ya sa shi shaida cewa shi ba ya kafirta kowa cikin masu fuskantar alƙibla, domin duka Ubangiji ɗaya suke nufi, saɓaninsu na lafazi ne.

Koyarwarsa ta bi hannun almajiran almajiransa, irin su Alƙali Al-Baƙillani Bamalike wanda ya rasu a 403, ta kai ga Juwaini da Imamu Gazali wanda ya rasu a 505, ta ƙetara zuwa Magrib. A Tilimsana Shehu Muhammadu As-Sanusi, wanda ya rasu a 895, ya taƙaita ta cikin Ummul Barahina. Ibn Ashir ya ambaci sunan Ash'ari a farkon Murshidul Mu'ini, Ibrahim Al-Laƙƙani kuma ya tsara aƙidar cikin Jauharatut Tauhidi. Littattafan nan suka biyo ayarin fatake da alhazai zuwa Borno da Katsina da Kano, aka karanta su a zaure ana fassarawa da Hausa da Fillanci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817 ta Miladiyya, ya tarar da wasu ɗalibai suna kafirta talakawa domin ba su iya kawo hujjojin tauhidi yadda littattafai suka tsara su ba, ya yi rubuce-rubuce yana hana su. Wannan hani ya dace da wasiyyar da Ash'ari ya bari a gadon mutuwarsa.

Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka daga tarihin nan a fili yake. In ya ɗaure kayansa da kyau, ya bi hanyar da aka sani, sa'an nan hasara ta same shi, to ƙaddara mafaka ce gare shi, ya yi haƙuri, kada ya kashe kansa da da-na-sani, kada kuma ya zargi maƙwabcin rumfarsa da sammu. In kuwa ya tauye mudu, ko ya zuba tsakuwa a ƙasan buhu, ko ya ci amanar abokin tarayya, to hannunsa ne ya miƙa, ba karkarwar zazzaɓi ba ce. Shaidar haka ita ce ranar da wani ya ci bashinsa ya ce masa ƙaddara ce, ba zai karɓa ba, gaban alƙali zai kai shi. Hujjar da mutum ba ya karɓa daga ɗan'uwansa, da wace fuska zai kai ta gaban Ubangijinsa? Haka wanda ciniki ya yi wa kyau, kada ya ce dabararsa ce, domin wasu sun fi shi dabara sun kwana ba riba.

Malami mai almajirai shi ma yana da rabonsa. In yaro ya kawo tambayar nan, kada a rufe masa baki da tsawa, domin wanda ya zama limamin wannan fanni da tambaya ya fara, malaminsa kuma ya rasa shi ne ranar da ya amsa masa da zagi. A nuna wa yaron hannunsa, a tambaye shi ko ya san bambancin rawar ɗari da ɗaukar allo. In ya ce ya sani, ya kama rabin karatun. Sauran rabin shi ne ya san hannun da allon da ikon ɗauka duka ba shi ya yi su ba.

Allah ya jiƙan Shehu Abul Hasan, ya saka masa da alheri, ya sa a gama da imani. Amin.